Me ya sa ake haɗa adirenalin da allurar kashe zafi?

Mene ne amfanin haɗin?

Lidoken, allurar kashe zafin da aka fi amfani da ita wajen cire haƙori da ɗinkin rauni, tana buɗa ƙananan jijiyoyin jini, sai jini ya kwashe ta da wuri. Adirenalin kuwa tsuke su take yi. Maganin sai ya daɗe a inda aka zuba shi, zubar jini ta ragu, wanda ke shiga jiki ya riƙa shiga a hankali. Wani likitan tiyata na Jamus, Heinrich Braun, shi ya fito da dabarar a 1903.

Nawa ake sakawa?

Ɗan mitsitsi. A tiyata an fi amfani da 1:200,000, wato maikurogiram 5 na adirenalin a kowane mililita (mil). Ana samunsa ne da zuba mil 0.1 na adirenalin mai ƙarfin 1:1,000 cikin mil 20 na lidoken. Likitocin haƙori sukan yi da 1:80,000 ko 1:100,000. Iyakar lidoken zalla miligiram 4.5 ce a kowane kilo na nauyin mutum, amma da adirenalin takan kai 7. A lissafin nan ake yawan tafka kuskure, sifili ɗaya ya ɓace ƙarfin ya ninka goma, shi ya sa wadda aka haɗo daga kamfani ta fi kwanciyar hankali.

Me ke sa gaban wasu faɗuwa bayan allurar?

Galibi adirenalin ce ta shiga jini kai tsaye. Zuciya ta hau bugawa, hannu na rawa, mutum ya ce maganin bai karɓe shi ba, alhali cikin 'yan mintoci abin zai lafa. Kafin a tura magani a ja sirinji baya, in jini ya fito a sauya wuri.

Su wa ake yi wa taka-tsantsan?

Masu ciwon zuciya, da masu hawan jinin da bai daidaita ba, da masu shan furofanolol (maganin hawan jini) ko amitirifitilin (maganin ciwon damuwa). Ga mai ciwon zuciya, likitocin haƙori ba sa wuce miligiram 0.04 na adirenalin, kimanin kwalba biyu ta mil 1.8 mai 1:100,000.

Yatsu fa, da kaciya?

Da can an hana sakawa a yatsa don gudun ruɓewa. Yanzu likitocin tiyatar hannu na sakawa in jijiyoyin jinin mutum lafiya suke, kuma akwai maganin fentolamin mai warware tsukewar jijiyoyin. Wajen kaciya dai lidoken zalla ake amfani da ita.