Ma'anar Haɗin Ƙasa a Injin Yankan Ƙarfe na Filasma

Duk wanda ya haɗa injin CNC na yankan ƙarfe da hannunsa, wato injin da kwamfuta ke tuƙawa yana yanka da filasma, iskar da wutar lantarki ta zafafa har take narka ƙarfe, ba zai daɗe ba sai an ce masa ya duba haɗin ƙasa, abin da masu sana'ar ke kira girawundin. Galibi maganar kan taso ne bayan abin haushi ya faru. Injin yana bin zanensa lafiya lau muddin ba a kunna wutar yanka ba, amma da zarar wuta ta kama sai kwamfuta ta daskare, ko kan yankan ya kauce layi, ko ya tsaya cak a tsakiyar faranti. Mai injin sai ya ɗora wa manhaja laifi, ya sauke manhajar Mach3 ya ɗora ta LinuxCNC, matsalar kuwa tana nan daram.

A taƙaice, haɗin ƙasa shi ne a ɗaure duk wani ƙarfe na jikin na'ura da bai kamata ya ɗauki wuta ba zuwa wata mahaɗa guda, ta hanya mai sauƙin bi, domin idan wuta ta ɓata hanya ta samu inda za ta bi ta koma gida ba ta jikin mutum ko ta cikin allon sarrafawa, wato allon lantarkin da ke ba injin umarni, ba. A lura da "ta koma gida". Wutar lantarki tushenta take nema, wato taransifoma ko injin da ya samar da ita. Ƙasa hanya ce kawai daga cikin hanyoyi, kuma ba mai kyau sosai ba.

Inda ake rikicewa shi ne, a wannan injin wayoyi iri uku ne ake kira da suna ɗaya, alhali kowace aikinta daban.

Ta farko ita ce wayar tsaro, mai launin kore da rawaya, ko kore zalla a Amurka, wadda ke zuwa tare da wutar bango. Ita ake ɗaure wa jikin akwatin ƙarfen da ke ɗauke da na'urorin sarrafawa. Idan waya mai wuta ta kuɓuce ta taɓa jikin akwatin, wannan wayar ce za ta kwashi wuta mai yawa nan take har bireka ta faɗi. In babu ita, akwatin zai zauna da volt 230 a jikinsa, shiru, yana jiran hannun da zai buɗe ƙofa.

Mutane da yawa na ɗauka cewa kafa sandar ƙarfe a ƙasa kusa da injin ya wadatar. Lissafi kaɗan zai nuna kuskuren. A ce juriyar sandar om 25 ce, adadin da dokar wayoyin lantarki ta Amurka ke amfani da shi wajen sanda guda. Raba volt 230 da 25, za ka samu amfiya 9 da ɗan ɗoriya. Bireka mai amfiya 16 ko gezau ba za ta yi ba. Shi ya sa wannan dokar ta hana a dogara da ƙasa kaɗai a matsayin hanyar komawar wutar da ta kuɓuce. Sanda tana da amfaninta, amma ƙari ce a kan wayar tsaro, kuma dole a haɗe su.

Ta biyu ita ce wayar nan mai kauri mai kilif da ke fitowa daga injin filasmar, irin wadda masu walda ke maƙalawa a jikin aiki. Rabin da'irar yankan ce ɗungurum. Amfiya 45 ko 65 ɗin da ke narka ƙarfe ta cikinta suke bi. Idan kilif ɗin ya kama tsatsa, ko an maƙala shi can nesa a ƙafar tebur, wani kaso na wutar zai nemi wata hanya, ya ratsa ta dogon da injin ke gudu a kai, ta boris, ko ta siririyar wayar da ba a yi ta don ɗaukar wannan kaya ba. A nan ne ake samun waya ta yi baƙi ƙirin ba tare da an san dalili ba.

Ta uku ita ce sifilin ƙaramar wutar da allon sarrafawa ke aiki da ita, wato wayar da allon ke ɗauka a matsayin volt 0. Da shi allon ke auna komai. Umarnin da ke tura kan yankan taku ɗaya bugun volt 5 ne kacal a yawancin ƙananan alluna, a wasu ma 3.3. To ka ajiye wannan kusa da wutar da zafinta ke haura digiri 20,000, wadda ke aiki da volt 100 da wani abu yayin yanka. Injinan da ke kunna wutarsu da tartsatsi mai saurin kaɗawa, kamar yawancin masu araha, sun fi kowa ɓarna, domin tartsatsin dubban volt ne yana kaɗawa sau miliyoyi a daƙiƙa. Kowace waya a kusa sai ta zama eriya. Allon ya ga bugun da babu wanda ya aiko, ya yi biyayya. Wanda bai riga ya sayi injin ba, gara ya nemi irin wanda ke kunna wuta da matsin iska, ya rage wa kansa rabin wahala.

A nan akwatin ƙarfe ke yin aikinsa na biyu. Tun 1836 Michael Faraday ya nuna cewa rufaffen keji na ƙarfe yana kare abin da ke cikinsa daga tasirin lantarki na waje. Sai dai kariyar tana buƙatar akwatin ya zama jiki ɗaya. Fenti ba ya wuce wuta. Ƙofar da ke rataye a kan gwiwa mai fenti, a idon lantarki, faranti ne daban da ke shawagi. Don haka ake kankare fentin har ƙarfe ya yi fari a inda za a ɗaure waya, a sa wosha mai haƙora, a matse noti tam, sannan a haɗa ƙofar da gangar akwatin da gajeriyar igiyar jan ƙarfe saƙaƙƙiya.

Gajarta da faɗi ba ado ba ne. Wayar da mitar gwaji ke nuna kusan sifilin om a kanta, ga wuta mai kaɗawa sau miliyan 2 a daƙiƙa, kowane tsawon mita ɗaya nata na iya zama shinge na kusan om 12. Saƙaƙƙiyar igiya mai faɗi ta fi zagayayyar waya sauƙin bi ga irin wannan wuta, kuma naɗe ragowar waya a ɗaure ta gammo yana ƙara dagula lamarin. A yanke ta daidai tsawon da ake buƙata.

Tsarin da aka fi yarda da shi shi ne mahaɗa ɗaya. A kafa sandar jan ƙarfe mai ramuka a jikin teburin yanka, kusa da inda faranti ke kwanciya. Wayar kilif ta zo nan, wayar gadar da ke ɗauke da kan yanka ta zo nan, ta akwatin sarrafawa ta zo nan, ta sandar ƙasa ma haka, kowace da hanyarta. Abin gudu shi ne a jera su, wannan ta ɗauko daga waccan, domin sai hayaniyar ɗaya, wato ɓataccen bugun lantarkin da ke rikita allo, ta bi ta kan ɗaya. A cikin akwatin ma ƙusa guda ake warewa, duk wayoyin tsaro su taru a kanta.

Wayoyin saƙo kuwa masu sulke ake so, wato masu ragar ƙarfe a ƙarƙashin roba, kuma a kama sulken da jikin akwatin daidai inda wayar ta shigo, a zagaye. Murɗe shi a yi masa dogon wutsiya zuwa ciki yana shigo da abin da ake gudu. Ko gefe ɗaya za a ɗaure ko duka biyu, masana na gardama a kai. A injin gida, inda ba kowane ƙarfe ne ke haɗe da kyau ba, ni ina ganin a fara da gefen akwati kaɗai, don kada wutar yanka ta mai da sulken hanyarta. Kada kuma wayoyin saƙon su kwanta a kwaroro ɗaya da wayar kan yanka.

Haka batun kwamfuta. USB yana haɗa sifilin kwamfutar da na allon kai tsaye, shi ya sa yake yawan yankewa. Ethernet kuwa, wato wayar sadarwa da ke haɗa kwamfutoci, akwai 'yar taransifoma a kowane bakinsa da ke raba ɓangarorin biyu.

Akwai wata dabara da ake yawan ba sababbin shiga: wai a cire wayar tsaro daga filogi, hayaniyar za ta lafa. Wani lokaci tana lafawa kuwa, amma an bar akwatin ƙarfe ba kariya kusa da teburin yanka, wanda sau da yawa ruwa ke cikinsa. Idan cire ta ya kawo sauƙi, alama ce cewa wutar yanka na bin inda bai dace ba, sai a nemo wurin. A kashe komai, a zare filogi, a sa mita tsakanin ƙafar tsaro ta filogin da gangar akwatin, da ƙofarsa, da tebur, da gada. Duk inda ya kai om 1, a kwance haɗin a kankare a sake ɗaurewa.