Waiwaye: Yadda biyan kuɗin asusun lafiya ya tashi daga ganin dama zuwa tilas

Tun a 1962 ministan lafiya na lokacin, Dakta Moses Majekodunmi, ya kai wa majalisa a Legas ƙudirin kafa inshorar lafiya, amma bai samu karɓuwa ba. Sai a 1999 gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta yi dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, aikin kuma bai kankama ba sai 2005, zamanin Obasanjo. Kafin nan matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya riga ya koya wa talaka cewa a asibitin gwamnati takarda ake rubuta masa, ya fita waje ya sayo magani.

Dokar 1999 ba ta tilasta wa kowa shiga ba, a nan kuma gizo ke saƙar. Ma'aikatan tarayya ne suka fi cin moriyarta, jihohi suka ja baya. Tsarin ya ɗauki ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18. Duk wanda ya san gidajen Sakkwato ya san wannan lissafi bai yi daidai da mu ba, domin magidanci mai mata 2 da 'ya'ya 10 sai ya ƙara kuɗi kafin sauran iyalinsa su shiga. Ga kuma ɗari-ɗarin da wasu suka yi ta fuskar addini, suna ganin da gharari, wato rashin tabbas a ciniki, a cikin inshora, har sai da malamai suka yi ta bayanin cewa karo-karo don taimakon mara lafiya ta'awuni ne, wato taimakon juna.

A 2014 Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar lafiya ta ƙasa, wadda ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko. Jihohi suka shiga kafa nasu hukumomin, Sakkwato ta kafa tata mai suna SOCHEMA a zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal. A watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar inshorar lafiya ta NHIA, wadda ta soke ta 1999, ta wajabta shiga a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman ga marasa galihu.

Ni ina tare da masu cewa a wajabta. Idan aka bar wa ganin dama, mai lafiya ba ya shiga, sai wanda ciwo ya riga ya kama, asusun ya durƙushe. Har yanzu sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita. Mun ga iyalai sun sayar da akuya, sun jinginar da gona, don a yi wa mai naƙuda aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Amma masu ƙin tilas ma suna da hujja, kuma ba ƙarama ba. Ma'aikaci kaɗai ake iya cire wa kuɗi daga albashi, shi ya sa ƙungiyoyin ƙwadago suka daɗe suna jan daga. Manomin albasa a Wurno da mai fataucin dabbobi a Illela ba su da albashin wata. Kuɗinsu da kaka yake zuwa, ko ranar kasuwa. Wanda ya biya ya je ɗakin shan magani na ƙauyensu ya tarar babu ungozoma, babu magani, da wane baki za a ce ya sake biya?

Don haka wajibin ya fara hawa kan gwamnati. Ta saki nata kason a kan lokaci, ta biya wa mabuƙata, hukumar zakka da waƙafi ta jiha ta ɗauki nauyin wasu, a kuma riƙa karɓar kuɗin manoma sau ɗaya a shekara bayan girbi, ta hannun ƙungiyoyinsu da hakimai a ƙananan hukumomi 23 na jihar.