Ba neman a kula da su suke yi ba

Idan aka ji yaro yana ji wa kansa rauni da gangan, abin da manya suka fi saurin faɗa shi ne iskanci ne, ko neman a kula da shi. Wasu kuma su ce shafar aljanu ce. Wannan fahimta ta daɗe, kuma tana cutar da yaranmu.

Mai neman a kula da shi ai nunawa yake yi, yawancin waɗannan yara kuwa ɓoyewa suke yi. Na san wani ɗan makaranta a Tudun Wada da yake yawo da suwaita a zafin watan Afrilu, gumi na zuba, don kada mahaifiyarsa ta ga tabon hannunsa. Damuwa ce take cika zuciya har ta rasa mafita. Zafin jiki yana danne ta na ɗan lokaci, sai kunya ta biyo baya, damuwar ta dawo, a sake. Galibi ba mutuwa suke nema ba, amma likitoci sun tabbatar haɗarin kashe kai ya fi yawa a wurinsu, don haka ba abin sakaci ba ne.

Bulala da gori ƙara ɓoyewa suke sa shi. Ki zaunar da shi ku biyu, ki ce, "Ɗana, me ke damunka?" Tambayar ba ta cusa masa tunanin. A haɗa addu'a da asibiti: Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa yana da likitocin da suke duba irin wannan, kuma zuwa can ba ya nufin yaro ya haukace.