Waiwaye: Yadda Mumbari Ya Fito Daga Masallaci

Muhawarar tantance masu hawa mumbari ta sake tasowa, kuma da yawa suna magana kamar shekaranjiya abin ya fara. Abin kuwa ya daɗe yana tahowa.

Asalin mumbari sananne ne. A Madina Manzon Allah (SAW) yana jingina da kututturen dabino yana huɗuba, daga baya aka yi masa mumbari na katako mai matakala 3. Haka muka gada a ƙasar Kano: abin hawa ne kusa da mazaunin liman, ranar Juma'a ake hawansa, da sanda a hannu.

A dā, a ƙauyukanmu, masallacin Juma'a ba a kowane gari yake ba. Tun hantsi dattawa za su yi wanka su kama hanyar garin hakimi, wani a ƙafa wani a keke. Liman ya karanta huɗubarsa da Larabci daga takardar da ya gada, sahun gaba ne kaɗai ke jin muryarsa. Kuma ba kowa ke hawa ba, sai wanda aka naɗa.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne zuwan lasifika. A ganina nan aka yi kwana. Da batirin mota ɗaya, da ƙaho biyu ɗaure a reshen darbejiya, da teburin aro, mutum ya samu abin da dā sai an yi shekaru ana karatu a zaure kafin a ba shi. Ranar kasuwa, kamar Alhamis a Maigatari, masu sauraronsa sun ninka na liman, da Hausa kuma yake magana. Alherin da hakan ya kawo ba kaɗan ba ne, don mata a cikin gida sun koyi hukuncin alwala da azumi daga bayan danga. Sai dai babu wanda ya tambayi mai teburin a gaban wa ya yi karatu. Kaset ya zo ya kai muryarsa gona, masallatan Juma'a suka yawaita, har mutane suka saba cewa "ya hau mumbari" ga duk wanda ya riƙe makirfo.

Yanzu waya ta karɓi aikin batirin. Masu neman a yi tantancewar, limaman Juma'a suke kallo, alhali yawancin wa'azin da ke raba kan matasanmu a majalisa ake jin sa, bayan sallar Isha.