Ina ran mamaci yake? Amsoshin Kirista ga maƙwabcinsa a Katsina

Ranar da muka dawo daga binne mahaifina, maƙwabtanmu Musulmi na Ƙofar Ƙaura suka cika tabarmin ƙofar gida da ta'aziyya. Da mutane suka ragu, wani dattijo, abokin hirar marigayin na shekaru, ya matso kusa da ni ya rage murya ya ce, "Ɗana, ku a wurinku yanzu Baba yana ina?" Na amsa masa a gurguje, zuciyata ba ta natsu da amsar ba. Ga tambayoyinsa, da abin da ya kamata in faɗa masa.

Kiristoci sun yarda rai yana nan bayan mutuwa?

Mafi yawansu sun yarda. Katolika, Anglikan, ECWA, Baptis da 'yan Otodoks duk suna koyar da cewa idan rai ya yi halinsa, jiki ne yake komawa ƙasa, shi kuwa mutumin yana nan da saninsa a gaban Allah. Hujjar da aka fi kawowa tana cikin Linjilar Luka 23:43, inda Yesu Almasihu, yana kan gicciye, ya yi wa wani ɓarawo da aka gicciye tare da shi, wanda ya tuba, alkawarin kasancewa tare da shi a Firdausi a ranar. Manzo Bulus ma, a Filibiyawa 1:23, ya nuna ya fi son ya tashi daga duniya ya zauna tare da Almasihu. Wanda yake jiran shuɗewa gaba ɗaya ba zai yi wannan marmarin ba.

To, shi ke nan, an shiga aljanna an gama?

A'a, kuma nan ne mu kanmu muke yawan yin tuntuɓe. A wajen jana'iza sai ka ji ana cewa "ya tafi gida", kamar labari ya ƙare. Alhali jigon begen Kirista shi ne tashin matattu. Shaidar bangaskiyar da muke karantawa ranar Lahadi da tashin jiki da rai madawwami take rufewa, sura ta 15 ta Korintiyawa ta fari kuwa tun daga farkonta har ƙarshenta a kan wannan take. Zaman rai ba tare da jiki ba zaman jira ne. Da na faɗi haka daga baya, dattijon ya ce, "Kamar barzahu ke nan." Na ce akwai kama, ko da yake ba mu da koyarwar tambayar kabari. Ni dai wannan ne ya riƙe ni sa'ad da ake tura ƙasa a kan akwatin: hannayen nan da suka yi kanta saboda fartanya, Allah bai yar da su ba, zai tashe su.

Akwai waɗanda suka saɓa?

Akwai. 'Yan Adventis, masu sujada ranar Asabar, suna cewa mamaci barci yake yi, bai san komai ba sai ranar tashi. Shaidun Jehobah sun ce mutum ba ya ɗauke da wani rai dabam da zai fita ya rayu. Shi kansa ne ran, idan ya mutu ya daina kasancewa har Allah ya tashe shi. Suna kafa hujja da Farawa 2:7 da Ezekiyel 18:4, da yadda Yesu ya kira mutuwar abokinsa Li'azaru barci. Har ayar ɓarawon nan ma karatunsu dabam ne: suna haɗa kalmar "yau" da faɗar alkawarin, ba da cikarsa ba, tun da tsofaffin rubuce-rubucen Girkanci ba su da waƙafi.

Gardamar ta tsufa. Littafin tauhidi na farko da Jon Kalbin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta, ya rubuta, a 1534, raddi ne ga masu cewa rai barci yake yi. Kafin shi, a 1513, babban taron Katolika na Lateran ya tabbatar da cewa ran mutum ba ya mutuwa. Ban bi ra'ayin masu barcin ba, amma sun yi gaskiya a abu guda: 1 Timoti 6:16 ta ce Allah kaɗai ne marar mutuwa. In rai ya dawwama, kyauta ce daga wurinsa.

Kuna yi wa mamaci addu'a kamar yadda muke sadakar uku da arba'in?

Ya danganta da ikilisiya. Katolika, waɗanda suka sami dayosis tasu, wato yankin da bishop yake shugabanta, a Katsina a 2023, suna yi, domin sun gaskata akwai matakin tsarkakewa ga wanda ya mutu cikin alherin Allah amma da sauran dauɗa. Ranar 2 ga Nuwamba ta kowace shekara ma ta addu'a ce ga dukan mamata. 'Yan Otodoks suna yin tasu a rana ta 3, ta 9 da ta 40. Mu a ECWA ba ma roƙa wa mamaci gafara, don mun ɗauka hisabinsa ya rataya ne ga bangaskiyarsa tun yana numfashi. Sujadar godiya muke yi, mu yi wa iyalinsa addu'a. Shi ya sa da dattijon ya ce "Allah ya ba ku haƙuri", da zuciya ɗaya na amsa masa da amin.