Waiwaye: Daga kaset ɗin shagon Kawu zuwa daren Riyad

Idan agogon New York ya buga takwas na daren Litinin, mu a Makka ƙarfe uku ne na daren da zai waye Talata, lokacin sanyi kuwa ƙarfe huɗu. A wannan sa'ar ake fara Raw, shirin resilin (kokawar Turawa) na mako-mako na kamfanin WWE na Amurka. Na yi shekaru ina tashi dominsa, in rage murya don kada in tashi gida, in ɗora shayi, kafin a kammala ladan ya kira asuba. SmackDown, ɗaya shirin nasu na mako, ya fi sauƙi, domin daren Juma'arsu wayewar Asabar ce a wurinmu, kuma tun 2013 da aka mayar da hutun mako Juma'a da Asabar, mutum na iya komawa barci bayan salla. Yanzu da aka ba da sanarwar cewa WrestleMania ta 43, babban bikinsu na shekara, a Riyad za a yi ta a 2027, yaran unguwa na magana kamar jiya aka fara resilin a ƙasar nan. Shi ya sa na ga ya dace a waiwaya.

Ni a shagon ɗinkin kawuna na fara gani, a wani lungu bayan Shari'a Mansur. Akwai ƙaramar talabijin a saman kwabar zare, da bidiyon da sai an ɗan bubbuga shi kafin ya haɗiye kaset. Larabawa musara'a suke cewa, mu kuma mu ce resilin, tsofaffi su ce kokawar Turawa. Kawu ya riga mu sani, don tun zamanin da gidan talabijin na Saudiyya ke nunawa da muryar Ibrahim Al-Rashid yake kallo. Kaset kan zo mana bayan watanni, wani lokaci a hargitse, mu ga mutum riƙe da kambu yau, gobe mu ga kaset ɗin da yake neman sa. Ba mu damu ba. Hulk Hogan ya yaga riga, Undertaker ya juya ido, shago ya ɗauki ihu, mai jiran ɗinki ya manta da abin da ya kawo shi.

A can Amurka kuwa, lokacin ne abin yake sauya kama. Vince McMahon ya sayi kamfanin, wanda a lokacin ake kira WWF, daga hannun mahaifinsa a 1982, ya yi WrestleMania ta farko a 1985 a Madison Square Garden. Amma shirye-shiryen talabijin na wancan zamani kusan talla ne kawai: a kawo gwarzo, a haɗa shi da wani da ba a san sunansa ba, ya murƙushe shi cikin minti uku, sannan a ce ku zo ku sayi tikiti. Ranar 11 ga Janairun 1993 aka fara Monday Night Raw a wani ƙaramin zaure a Manhattan, awa ɗaya tak, a gaban 'yan kallo masu surutu. Daga nan labari ya fara tafiya mako-mako, abin da ya faru wannan Litinin ya haifi na Litinin mai zuwa.

Abin da ya ba shi wuta kishiya ce. A watan Satumbar 1995 kamfanin WCW na attajiri Ted Turner ya buɗe Nitro, shi ma daren Litinin. Suka kwashe Hogan, a 1996 suka mayar da shi mugu, suka yi mako 83 a jere suna gaba a yawan masu kallo. Dole McMahon ya farka. Ya ɗaga Steve Austin da The Rock, shi da kansa ya shiga labarin a matsayin azzalumin maigida wanda ma'aikacinsa ke ƙi masa biyayya, kuma duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin wani ya gane wannan labari ba tare da tafinta ba. Daren 4 ga Janairun 1999 ya nuna inda iska ta juya. Raw na wannan dare an riga an naɗe shi, sai mai sharhin Nitro ya tona wa jama'a cewa Mick Foley zai ci kambu a can, da nufin ya kashe musu sha'awa. Mutane suka juya tasha suka tafi kallon Foley. A shekarar aka fara SmackDown, a Maris na 2001 kuma McMahon ya saye WCW gaba ɗaya.

A nan zan tsaya kan maganar da ba ta ƙarewa a majalisarmu, wato "ai ƙarya ce". Kamfanin da bakinsa ya amsa a 1989, a gaban majalisar dokokin jihar New Jersey, cewa nishaɗi ne tsararre, don ya kauce wa dokokin hukumar wasanni. Saboda haka babu wani asiri da mai gardama zai tona. Ba kamar kokawarmu ba ce ta cin takobi a Nijar, ko damben gargajiya, inda ba wanda ya san wa zai sha ƙasa. Na taɓa kawo wa Kawu wannan magana ina yaro, ina jin na gano wani abu. Bai ɗago daga keke ba ya ce, "Ɗana, da kakarka ke yi maka tatsuniyar Gizo, ka taɓa ce mata ƙarya ce ka tashi?" Sakamakon a rubuce yake, amma faɗuwar a jikin mutum take sauka. A watan Mayun 1999 Owen Hart ya faɗo daga saman rufin zaure a Kansas City ana shirin saukar da shi da igiya, ya rasu. Tun ranar da na ji wannan labari ban sake raina aikin mutanen nan ba.

Da kishiya ta mutu, sai sanyin jiki ya shigo. A 2002 kotu ta sa aka bar sunan WWF saboda wata ƙungiyar kare namun daji mai irin haruffan, aka koma WWE. A Yulin 2012, a shiri na 1000, aka mayar da Raw awa uku. A ganina nan ne aka tsinka miyar. Awa uku kowane mako, babu hutun kaka kamar na ƙwallo, dole a cike da surutu da maimaita karawa ɗaya sau biyar. Mu da muke sayar da barcinmu don mu kalla mun fi kowa jin zafin haka.

Ana cikin wannan hali WWE ta iso mana. Sun fara da wasannin da ba a nunawa a talabijin, Riyad a 2014, Jidda a 2015. Sai a 2018 aka ƙulla yarjejeniyar shekara 10 da hukumar wasanni ta ƙasa a ƙarƙashin shirin gwamnatin Saudiyya na Ru'uya 2030. Ranar 27 ga Afrilu aka yi Greatest Royal Rumble a filin Jauhara na Jidda, mutum 50 a karawa ɗaya. Na je, ni da ƙanena, mun bar Makka tun bayan la'asar. Ba zan manta lokacin da aka kashe fitilu ƙararrawar Undertaker ta buga ba. Ƙanena ya damƙe mini hannu ya ce, "Yaya, shi ne fa, wallahi shi ne!" Mutumin da muka sani a kaset mai yayyafi ga shi yana tafiya a gabanmu. Daniel Bryan ya shiga na farko ya jure fiye da minti 76, Braun Strowman ya lashe. A hanyar dawowa muryoyinmu sun dushe.

Amma da Talata ta zagayo na kunna Raw, sai na ga kamar ba a yi komai ba. Koren bel ɗin da aka ba Strowman bai sake fitowa ba. Nan na fara fahimtar yadda suka ɗauke mu: wurin da ake zuwa a karɓi kuɗi, a nuna tsofaffin fuskoki, a koma gida a ci gaba da labari na ainihi. Masu bin lissafin kamfanin sun ƙiyasta kusan dala miliyan 50 ake biyan su a kowane dare irin wannan, kuɗin da ya isa ya fito da wanda ya yi ritaya. Haka aka yi a bikin Crown Jewel na Nuwambar 2018 a Riyad, wanda ya zo wata ɗaya bayan kisan ɗan jarida Jamal Khashoggi a Istanbul, har John Cena da Daniel Bryan suka ƙi zuwa. Shawn Michaels, wanda ya ajiye wasa tun 2010, ya dawo, Triple H ya yage tsokar ƙirji a tsakiyar karawar. A Yunin 2019, kwana uku bayan ƙaramar Salla, aka haɗa Undertaker mai shekara 54 da Goldberg mai 52 a Jidda. Goldberg ya bugi ƙarfe da ka, ya rikice, saura ƙiris ya karya wa abokin karawarsa wuya. Na kalli wannan da tausayi da kuma fushi. A Fabrairun 2020 kuma aka ba Goldberg ɗin kambu a kan The Fiend cikin 'yan mintuna, aka rushe ginin da aka yi wata da watanni ana yi a shirin mako.

Kamar sun ɗauka cewa mai kallo a nan ya tsaya a zamanin kaset. Alhali yaran da suka cika filin sun san kowace waƙar shigowa, sun san wa ya ci amanar wa a makon jiya, domin suna bi ta MBC Action da OSN da intanet, daga baya kuma, a 2022, ta Shahid.

Abu biyu suka taimaka aka gyara. Na farko, sabuwar kishiya. A Oktoban 2019 Tony Khan ya fara Dynamite na kamfanin AEW a daren Laraba, inda ake ba karawa lokaci kuma ake barin 'yan wasa su yi magana da bakinsu. Ina kallonsa, ko da yake sau da yawa yakan tara mutane fiye da yadda labari zai iya ɗauka. A makon ne kuma SmackDown ya koma tashar Fox, inda a daren farko Brock Lesnar ya karɓe kambu daga Kofi Kingston, haifaffen Ghana, cikin daƙiƙoƙi. Wannan ya yi wa baƙaƙen fata da yawa ciwo, har da mu. Na biyu shi ne sauyin hannu: a Yulin 2022 McMahon ya sauka, Triple H ya karɓi ragamar tsara labari.

Tun kafin nan an fara ganin alama. A ƙarshen Oktoban 2019 Natalya da Lacey Evans suka yi karawar mata ta farko a Riyad, cikin sutura mai rufe jiki. A 2021 Edge da Seth Rollins suka rufe rigimarsu ta watanni a cikin keji a Riyad, karawar da ba za ta ji kunya a kowane fage ba. A 2022 Omos, dogon nan haifaffen Legas, ya tsaya gaba da gaba da Strowman, muka ji kamar namu ne ya shigo. Amma daren da ya fi taɓa ni shi ne 27 ga Mayun 2023 a Superdome na Jidda. Sami Zayn, Musulmi ɗan Kanada mai iyaye 'yan Siriya, wanda shekaru biyar ba ya cikin masu zuwa, ya yi umara, sannan ya fito cikin farar jallabiya ya gabatar da kansa da Larabci. Dalilin da ya sa zauren ya girgiza shi ne mutane sun bi shi mako-mako kusan shekara guda, tun yana ɗan kanzagi a gidan Roman Reigns, wato gungun da yake jagoranta, ana wulaƙanta shi yana haƙuri, har ranar da ya juya. A daren ne Jimmy Uso, ɗan gidan, ya shuri Reigns a fuska, gidan ya fara tsagewa. Ranar Juma'ar da ta biyo baya, SmackDown a kan abin da ya faru a Jidda ya ginu. Abin da na jira ke nan tun 2018. Reigns ya riƙe kambu kwana 1,316 kafin Cody Rhodes ya karɓe a Afrilun 2024, kuma wani yanki na wannan doguwar tafiya a gabanmu aka yi shi.

Daga nan shirin mako da kansa ya zo. An yi SmackDown a Jidda ranar 24 ga Mayun 2024, aka naɗi Raw a Riyad a Nuwambar shekarar. Idan suka zo da babban biki, da dare ake farawa a agogonmu, mutanen New York su kalla da rana tsaka.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Tun da aka haɗe WWE da kamfanin damben UFC a ƙarƙashin kamfani ɗaya mai suna TKO a 2023, kuma Raw ya koma Netflix a Janairun 2025 kan yarjejeniyar da aka ce ta haura dala biliyan 5, talla ta hau har kan shimfiɗar dandali, wurin da a da ba a taɓawa. Shirye-shiryen sun fi tsari fiye da shekara goma da suka wuce, wannan gaskiya ce, amma sau da yawa manyan gwanaye ba sa fitowa sai lokacin biki, Litinin ta zama wurin jira. Ga kuma nisa. Crown Jewel ta 2024, Night of Champions ta 2025 inda Cena ya kara da CM Punk, da Royal Rumble ta Janairun 2026, duk Riyad aka kai su. Akasarin mutanenmu a Makka da Jidda da Madina suke, direbobi ne da teloli da masu ƙananan shaguna. Daga Makka zuwa Jidda kimanin kilomita 80 ne, mutum ya je ya dawo ya kwana a gida. Riyad kuwa ta haura kilomita 800, ga masauki, ga tikiti.

Kawu ya daina ɗinki, idonsa ya yi rauni, amma duk Talata bayan azahar sai na biya na ba shi labarin abin da ya faru. Da na gaya masa Cena ya yi ritaya a Disambar 2025 bayan Gunther ya kayar da shi, ya yi shiru, sannan ya tambaye ni wa ake rainon ya gaje shi. Na ce akwai wani ɗan Najeriya, Oba Femi, haifaffen Legas, wanda ya riƙe kambun NXT, sashen WWE na masu tasowa. Ya gyara zama ya ce, "To, ɗana, ka riƙa kawo mini labarinsa duk mako. Kada ka tsallake."