Haihuwar fari: don Allah ku daina cewa "a ɗan ƙara jira"

Daren Talatar da ta wuce aka kawo mana wata yarinya nan asibiti a bayan a-kori-kura, shekarunta ba su wuce sha shida ba, cikin fari. Na tambayi uwar yaushe ciwon ya fara, ta ce tun asubar Lahadi. Na ce Inna, me kuke jira kwana uku? Ta ce ai haihuwar fari ce, dole sai an sha wuya, kuma sun ɗauka zaƙi ne ke fita. Allah ya sa yarinyar ta rayu bayan an tura ta babban asibiti an yi mata aiki. Jaririn kuwa tun kafin su baro gida ya daina motsi.

Na gaji da jin wannan kalma ta "a ɗan ƙara jira". A jira maigida ya dawo daga kasuwa ya ba da izini. A jira rubutu ya yi aiki. A jira gari ya waye. Ita kuma baiwar Allah tana ƙuryar ɗaki tana cizon zani, ba ta da bakin magana, don an koya mata cewa kuka a haihuwar fari abin kunya ne. Iyayena mata, na san ba mugunta ba ce. Ku ne kuka ɗauko ta goyon ciki, ku ne ke kwana a kanta ba barci. Amma ƙaunar nan taku idan ta tsaya a cikin ɗaki ba za ta buɗe ƙugun da ya yi wa kan jariri kaɗan ba.

Yarinyar da ba ta gama girma ba, ƙugunta ma sau da yawa bai gama ba. Idan kan ɗa ya maƙale, yana danne mafitsara a jikin ƙashi har naman wurin ya mutu, bayan 'yan kwanaki fitsari ya fara zuba ba tsayawa. Yoyon fitsari ke nan. Wanda ya taɓa leƙa asibitin Babbar Ruga a Katsina ya san yawancin masu jiran a ɗinke su a haihuwar fari suka gamu da shi. Yankan gishiri kuwa, wato tsagar da ake yi wa mace da reza a gabanta, wallahi ban taɓa ganin ya fito da ɗan da ya maƙale ba, sai dai ya ƙara zubar da jini, reza ta huda mafitsara. A bar shi.

Sai jijjiga. Ita ma masu cikin fari ta fi kamawa, kuma ba iskokai ba ne. Tana aiko saƙo tun da wuri: ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu. Idan mun auna jini ya kai 140 bisa 90 mun san abin yi, kuma akwai allurar da ke tsayar da jijjigar. To amma yaya za mu auna wadda aka ɓoye mana? Sai ta faɗi tana kumfa, an yi hayaƙi, an yi tofi, an ƙara jira, sannan a ɗauko ta. Addu'a ba mu hana ba, mu ma muna yi. Ku yi ta a kan hanya.

Magidanta, ku ma da ku nake. Izinin nan ku ba da shi tun cikin yana ƙarami, a gaban mahaifiyarku da surukarku, cewa ko ba kwa nan a tafi da ita. Kuɗin ragon suna kuna tanadinsa tun wata biyar, amma na mota sai tsakar dare ake bin maƙwabta rance. Haba.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa:

- Ta fara awo da zarar an gane ciki. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a zo aƙalla sau 8.
- Ta sha maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ta karɓi allurar tetanus, ta kwana a gidan sauro.
- A ajiye kuɗin mota da lambar direba, a san ɗan'uwan da zai ba da jini.
- Mai cikin fari ta haihu a asibiti. Ciwo na farawa a taho.
- Jini, fashewar faya, zazzaɓi, ko ɗa ya daina motsi: a taho ko da ƙarfe biyun dare ne.

Idan ma kun riga kun zauna a gida, naƙudar da ta fara da asuba har aka kira magariba ba a sauka ba ta wuce awa 12, ta fi ƙarfin ɗaki. Ku ƙwanƙwasa mana ƙofa. Ko kun zo muka ga da saura, ba za mu yi muku faɗa ba, za mu ba ta gado ta kwanta kusa da mu.